Zaizayewar Tsoka a Lokacin Tsufa: Motsa Jiki ko Maganin Ciwon Sukari?

1.0 Gabatarwa

Bahaushe na cewa rigakafi ya fi magani. Ɗalibin harshe kuwa, wata rana za a miƙa masa takardar asibiti ko shirin rediyo na kiwon lafiya, a ce ya mayar da shi Hausa. Idan bai fahimci batun ba, fassararsa tana iya cutar da mai sauraro. Saboda haka wannan darasi zai yi tsokaci a kan raguwar tsoka da tsufa ke kawowa, tare da amsa tambaya guda: shin maganin ciwon sukari zai iya maye gurbin motsa jiki wajen kare tsokar tsofaffi?

2.0 Ma'anar Zaizayewar Tsoka

Likitoci na kiran wannan lalura da suna sakofeniya. Wani likita Ba'amurke mai suna Irwin Rosenberg ne ya fito da kalmar a shekarar 1989, daga kalmomin Girkanci guda biyu masu nufin "nama" da "talauci". A Hausa, kalmar "rama" ba za ta wadatar ba, domin mutum yana iya zama mai ƙiba alhali tsokarsa ta ragu, kitse ne ya cike gurbinta. "Zaizayewa" ta fi dacewa, domin tana nuna abin da ke tafiya a hankali, kamar yadda ruwan sama ke cin bakin kwari.

Masana sun ƙiyasta cewa daga shekara 30, mutum kan rasa kashi 3 zuwa 8 cikin 100 na tsokarsa a kowace shekara 10, kuma abin yana ƙara sauri bayan shekara 60. Alamominta sun haɗa da raunin riƙo, da nauyin ƙafa wajen tafiya, da kasa tashi daga tabarma sai an dafa bango. Ƙarshenta shi ne yawan faɗuwa, wanda kan jawo karayar kwatangwalo ya kwantar da tsoho.

3.0 Alaƙarta da Ciwon Sukari

Tsoka ita ce rumbun sukari mafi girma a jiki. Bayan an ci abinci, sinadarin insulin ne ke buɗe mata ƙofa ta kwashe mafi yawan sukarin da ya shiga jini. Idan tsoka ta ragu, rumbu ya ƙanƙance ke nan, sai sukari ya yi ta yawo a cikin jini. Haka kuma ciwon sukari shi kansa yana hanzarta zaizayewar tsoka. Wannan alaƙa ce ta sa masu bincike suka yi tunanin ko maganin ɗaya zai amfani ɗayan.

4.0 Gudummawar Motsa Jiki

A shekarar 1990, Mariya Fiatarone da abokan aikinta suka gwada atisayen ɗaga nauyi a kan tsofaffi 10 masu kimanin shekara 90 a wani gidan kula da tsofaffi a birnin Boston na Amurka. Bayan mako 8, ƙarfin cinyar mutum 9 da suka kammala ya ƙaru da kashi 174 cikin 100, wato ya kusa ninka uku. Darasin shi ne, tsoka ba ta daina amsa kira komai tsufa.

A ƙa'idojinta na 2020, Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarci masu shekara 65 zuwa sama da su yi motsa jiki matsakaici na minti 150 zuwa 300 a mako, da atisayen ƙarfafa tsoka aƙalla kwana 2, da na daidaita tsayuwa aƙalla kwana 3. A lura cewa tafiya kaɗai ba ta isa ba. Dole ne tsoka ta yi kokawa da nauyi. Tashi da zama a kan kujera sau da yawa, da hawa matakala, da ɗaga galan na ruwa duk suna cikin wannan. Sannan a haɗa da abinci mai gina jiki kamar wake da ƙwai da kifi da nono.

5.0 Matsayin Metfomin

Metfomin shi ne maganin da aka fi ba masu ciwon sukari nau'i na 2. Likita Jean Sterne na ƙasar Faransa ne ya bayyana amfaninsa ga masu ciwon a 1957. Yana rage sukarin da hanta ke fitarwa, yana kuma da araha. Wani babban bincike da aka wallafa a Amurka a 2002 ya nuna cewa ya rage kamuwa da ciwon da kashi 31 cikin 100 ga masu haɗarin kamuwa, yayin da gyara cima da motsa jiki suka rage da kashi 58.

To, idan aka haɗa biyun fa? Jami'o'in Kentaki da Alabama sun gwada haka, suka fitar da sakamako a 2019. Tsofaffi masu shekara 65 zuwa sama sun yi atisayen ɗaga nauyi na mako 14. Wasu suna shan metfomin, wasu suna shan ƙwayar da babu magani a cikinta. Abin mamaki, waɗanda ba su sha maganin ba su ne tsokarsu ta fi ƙaruwa. Bayanin da masana suka bayar shi ne, maganin yana aika wa ƙwayoyin halitta saƙon tsimi kamar ana ƙarancin abinci, alhali gina tsoka yana buƙatar saƙon kashewa.

A nan ne mai fassara zai yi hattara. Waɗanda aka yi gwajin a kansu ba masu ciwon sukari ba ne. Saboda haka kuskure ne babba a ce wa mai ciwon ya bar maganinsa, domin sukarin da ba a shawo kansa ba ya fi ɓarna ga tsoka da ƙoda da idanu. Ya ci gaba da sha, ya ƙara da atisaye bisa shawarar likitansa.

6.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata, an ga cewa metfomin maganin sukari ne, bai zama maganin zaizayewar tsoka ba. A al'adarmu, ladabi ne yaro ya karɓi kaya daga hannun babba ya ce, "Baba, zauna ka huta." Ladabin yana da kyau, amma hutun da ya zarce ƙima shi ne abincin wannan lalura. Ɗan da ya raka mahaifinsa masallaci ko kasuwa a ƙafa ya yi masa hidimar da ta fi ta shimfiɗa masa tabarma.

Aikin ɗalibi: Rubuta sanarwar rediyo mai jimla 5 a kan wannan batu, wadda za ta ƙarfafa wa tsofaffi gwiwar motsa jiki ba tare da ta sa mai ciwon sukari ya yar da maganinsa ba.