Darasi: Mu San Ƙudajen Da Ke Cutar Da Mu Da Bisashenmu

Manoma da makiyaya, ba duk ƙuda ba ne ɗaya. Akwai masu shan jini, suna ɗaukar cuta daga wannan jiki su kai wancan. Ga uku da ya kamata ku sani, da inda kowane yake zama.

1. Ƙudan tsando. Ya ɗan fi ƙudan gida girma, launinsa ƙasa-ƙasa. In ya sauka sai ya ɗora fiffike bisa fiffike kamar almakashi a rufe, bakinsa kuwa miƙe a gaba kamar allura. Mace da namiji duk suna cizo. Shi ke kawo sammore ga shanu, da ciwon barci ga mutane. Yana son inuwa da laima, saboda haka ba ya rayuwa a ƙasar Maraɗi, Damagaram ko Tawa. A Nijar an san shi ne a kusurwar kudu maso yamma, wajen gandun dajin W da bakin kogin Mekuru. Amma garken da ya tafi cin rani kudu, cikin Nijeriya ko Benin, yana iya komowa da cutar.

2. Bobuwa. Babba ce, idanunta manya, cizonta da zafi. Tana yawa da damina a bakin tabki da fadama, har can arewa inda babu tsando. In ta ciji raƙumi marar lafiya ta koma kan mai lafiya nan take, ta kai masa irin sammoren da ke kama raƙuma da dawaki.

3. Baƙin ƙuda na bakin kogi. Ƙarami ne kamar ƙwayar gero, da ɗan doro, da rana yake cizo. Yana haihuwa inda ruwa ke gudu da ƙarfi bisa duwatsu, kamar kogin Sirba da Mekuru. Shi ya makantar da mutane da yawa a yammacin ƙasarmu. An yi yaƙi da shi daga 1974 zuwa 2002, kuma a 2025 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar Nijar ta rabu da wannan makanta, ita ce ta farko a Afirka.

To, mi za ku yi? Kafin ku tafi cin rani, ku je wurin likitan dabbobi a yi wa garke allurar kariya. A can kudu, kada ku bar shanu su daɗe a kurmin bakin ruwa. Ku yi hayaƙi a makwancinsu. In kun komo, saniyar da ke rama alhali tana ci, idonta na hawaye, cikin fatar idon ya yi fari, ku ware ta ku kira likita. Kada ku sayi allurar kasuwa ku yi da ka, don maganin da bai cika awo ba ƙarfafa cutar yake yi.

Rigakafi ya fi magani.