Darasin Ɗinki: Rigar da Ta Ƙi Zama a Jiki

Wata mace ta sayi atamfa yadi uku domin ta ɗinka wa 'yarta rigar Kirsimeti. Kwana huɗu tana bisa keke, kullum bayan ta gama tuwon dare. Da yarinyar ta sa rigar, sai hammata ta kama ta tsam, ko tulu ba ta iya ɗagawa bisa kai. Uwar ta ji kunya, ta naɗe rigar, ta tura ta can ƙarƙashin akwati, ta ce ita da keke sai gani daga nesa. Yarinya kuwa ta ci biki da tsohuwar riga.

'Yan'uwa mata, na san akwai irin wannan riga cikin akwatin waɗansunku. Ku fito da ita, ku shimfiɗa a tabarma, mu duba tare. Gama yawancin rigunan da su ke ƙin zama a jiki gyara kaɗai su ke nema, kuma mace ta kan koyi ɗinki a wurin warwarewa fiye da yadda ta ke koyo a wurin sabon yanka.

Da fari sai ki san abin da ya same ta. Ki tambayi kanki, tun ranar fari ta matse, ko kuwa sai bayan wanki? Idan bayan wanki ne, hannunki ba shi da laifi. Yadin auduga ya kan tsuke sa'ad da ya sha ruwa karo na fari. Yadi ɗaya inci 36 ne, amma akoko da sauran yadin da ba a wanke a masaƙa ba su kan rasa inci ɗaya ko fiye a kowane yadi. Masu sayen akokon da masaƙar Kaduna ta soma fitarwa a shekara ta 1957 sun san wannan sarai, ba su kan yanka shi sai sun jiƙa. Ke ma ki jiƙa sabon yadi, ki shanya a inuwa, ki goge shi da dutsen guga, sa'an nan ki kai masa almakashi. Yadin roba na yanzu ba ya tsukewa haka, amma yana da nasa hali: guga mai zafi ta kan narka shi, kuma in an warware ɗinki, hujin allura ya kan zauna a fili.

To, rigar ta matse. Ki juya ta ciki waje, ki dubi ɗinkin gefe. Nawa ne yadin da ya ragu bayan zare? A nan akwai ɗan lissafi mai daɗi. Riga tana da ɗinkin gefe biyu, kowanne kuwa ya haɗa ƙyalle biyu, na gaba da na baya. Saboda haka in kin matsar da zare waje da rubu'in inci kaɗai a dama da hagu, rigar ta ƙaru da inci guda cur a kewaye. In kin matsar da rabin inci, kin sami inci 2. Ki ɗinka sabon layi tukuna, sa'an nan ki warware tsohon, don kada rigar ta watse miki a hannu. Ki warware da bakin allura ko ƙaramin almakashi, zare ɗaya ɗaya. Reza tana da sauri, amma riguna da yawa sun mutu a bakinta.

Rigar yarinyar nan da muka ambata, ciwonta a hammata ya ke, maganinsa kuwa tsoho ne. Ki dubi taguwa ko wandon da maɗinkan hannu na dā suka yi da sawaye marasa faɗi, za ki ga ba su yawan yanka mai lanƙwasa. Inda jiki ya ke bukatar sarari, sai su sa ɗan ƙyalle su buɗa wurin. Haka za ki yi. Ki warware ɗinki daga tsakiyar hammata, inci 2 zuwa ƙasa ta gefen riga, inci 2 kuma ta cikin hannu. Wurin zai buɗe da baki huɗu. Ki yanko ƙyalle mai kusurwa huɗu daga ragowar yadin, inci 3 tsawo, inci 3 faɗi. Rabin inci a kowane gefe na ɗinki ne. Ki juya shi, kusurwa ɗaya ta dubi ƙugu, ɗaya ta dubi gwiwar hannu. Ki kama shi da dogon ɗinki na hannu, ki sa yarinya ta gwada, ta ɗaga hannu sama. In ya yi, sa'an nan ki bi da keke. Abin da ya sa wannan ɗan ƙyalle ya ke aiki shi ne, yadi ba ya miƙewa ta tsawonsa, ta faɗinsa ma kaɗan ne, amma daga kusurwa zuwa kusurwa yana miƙewa. Ki ja ƙyalle da hannunki ta hanyoyin nan uku, ki gani da idonki. Wandon yaro da ya ke yagewa a hantsa kullum, maganinsa ke nan.

Idan babu abin da ya ragu bayan zare ko kaɗan, sai ki buɗe gefen duka biyu, ki sa dogon ƙyalle daga hammata har ƙasa. In yadin ya ƙare, kada ki wahal da kanki neman mai kama da shi, gama kusan-kama ya fi kowane abu tona asiri. Ki zaɓi yadi mai launi ɗaya daga cikin launukan atamfar, ki sa kaɗan kuma a wuya da bakin hannu. Wanda ya gani zai ce ado ne. Rigar da ta yi gajere ma haka a ke ƙara mata a ƙasa.

Rigar da ta yi yawa ba ta da wuya. A sa ta a jiki ciki waje, wata ta kama miki da allura, ta zana da alli ko guntun sabulu. Abu ɗaya za ki kiyaye: ki rage daidai wa daida a dama da hagu, in ba haka ba tsakiyar riga za ta karkace. Kada ki yi gaggawar yanke abin da ya ragu a ciki, musamman a rigar yara. Baɗi za ki neme shi.

Wuya shi ne mai ba da wahala. Sau da yawa ba yanka ne ya yi faɗi ba, jan da a ke yi masa sa'ad da a ke ɗinki ne ya miƙar da shi, tun da ya ke lanƙwasar wuya tana bin hanyar nan da yadi ya ke miƙewa. Ki bi bakin wuyan da ƙananan ɗinki na hannu, ki ja zaren kaɗan kaɗan har ya kwanta a ƙirji, ki danne da guga, sa'an nan ki kalmashe da siririn ƙyalle wanda aka yanka a karkace. Nan gaba, da zarar kin yanka wuya, ki bi shi da layin keke guda kafin ki taɓa wani wuri.

Wani lokaci kuma yanka daidai ne, ɗinkin ne ya tattare kamar bakin jaka. Keken da mu ke takawa, ko Singer ne, wanda mai shi ya yi wa rajista a Amurka a 1851, ko Butterfly na ƙasar Sin, da zare biyu ya ke aiki, na sama da na ƙoshiya, suna sarƙewa a tsakiyar yadi. In sun yi tsauri, ɗinki ya tattare. In kin ga zare ya yi tsumma a ƙarƙashi, kada ki taɓa ƙoshiya tukuna, galibi na sama ne bai shiga hanyarsa ba. Ki zare shi, ki sāke sa shi tun daga fari. Allura mai lamba 14 ta isa atamfa, 16 kuwa ta yadi mai kauri ce. Allurar da ta dakushe, ki yar.

Akwai rigar da ba ta gyaruwa, ba zan ɓoye muku ba. Ita ce wadda aka yanka a karkace ba bisa tsawon zaren yadi ba. Kowane wanki sai ta ƙara murɗewa, ɗinkin gefe ya zagayo gaba. Wannan sai a warware ta duka, a goge, a fitar da rigar ƙaramin yaro daga cikinta, a wannan karo ana bin bakin yadi. Guntayen da suka ragu ki tara su cikin kwando, gama daga nan za ki yanko ƙyallen hammata.

Kafin taronku na wata mai zuwa, kowace ta gyara riga guda ta zo da ita. Wadda ta kāsa ma ta zo da tata, da allura da zare, da ragowar yadin in yana nan.