Haƙƙin iyalin ma'aikacin kashe gobara

Tambaya: Maigidana ya rasu yana kashe gobara a Yamai. Na dawo gida Kurfai da yara. Me ya rage mana?

Amsa: Baiwar Allah, Allah ya jiƙan maigidanki. A Nijar sojoji ne ke kashe gobara, don haka kuna da kuɗin rasuwa da fanshon matar mamaci da marayu, wanda hukumar CARENI ke kula da shi. Ki fara da rundunar da ya yi wa aiki.

Takardu ne ke wahalar da mutane: ta mutuwa, ta aure, ta haihuwar kowane yaro. In aurenku bai shiga rajista ba, je kotun Filinge da shaidu. Kada ki damƙa wa kowa asalin takardun, ko ɗan'uwan marigayin ne. Ba shi kwafi.