Yadda Bakteriya Ke Gano Saiwar Waken Soya

Idan kuka tuge waken soya, gyaɗa ko wake mai lafiya, za ku ga 'yan ƙullutu a jikin saiwar. A cikinsu ne bakteriyar da ake kira raizobiyam take zaune, tana samar wa shuka sinadarin naitirojin daga iska. To, yaya ƙwayar da ba ta da ido take gano saiwa a cikin ƙasa?

Saiwa tana tsattsafo da sukari da wasu sinadarai, waɗanda suka fi yawa a kusa da ita, suna raguwa yayin da aka yi nisa. Ita kuwa ƙwayar tana da siririn gashi da take juyawa ta yi iyo cikin danshin ƙasa. A 1972 Howard Berg da Douglas Brown na Amurka suka bi sawun wata irin bakteriya, suka gano dabarar: takan miƙe ta yi tafiya kaɗan, sannan ta sauya hanya. In sinadarin yana ƙaruwa, sai ta tsawaita tafiyar kafin ta juya. In ba haka ba, ta juya da wuri. Wato tana gwada ɗanɗanon yanzu da na daƙiƙun da suka wuce. Raizobiyam ma da irin wannan lalube take isa ga saiwa.

Sai dai tafiyar gajera ce, 'yan santimita kawai, kuma ba ta yiwuwa a busasshiyar ƙasa. Wannan shi ne abin da ya kamata malamin gona ya jaddada wa manomi.

A gonakin yankin Keffi da ba a taɓa noma waken soya ba, a cuɗa iri da garin raizobiyam, kamar NoduMax na cibiyar IITA ta Ibadan, bisa ƙa'idar da ke jikin ledar. A sa ruwan ƙaro don garin ya manne, a shanya a inuwa, a shuka a ranar, domin zafin rana yana kashe ƙwayoyin. A yi shuka bayan ruwa ya zauna, daga tsakiyar Yuni zuwa farkon Yuli. A ba gona takin sufa, amma kada a cika yuriya: shukar da ta ƙoshi da naitirojin ba ta yin ƙullutu sosai.

Idan shuka ta fara fure, ku tono guda biyar da fartanya, ku tsaga ƙullutun. Ja-ja a ciki alama ce ta aiki. Fari ko kore yana nuna ba a samun naitirojin.