Darasi ga Mai Sana'a: Shaidar da Ba Taka Ba

Ya ɗan'uwana mai karatu, idan kai kafinta ne, ko mai walda, ko mai kafa tagogin gilashi da alminiyam, wannan magana dominka ce. Idan kuwa kai mai gida ne da ke neman wanda za ya sa maka taga, ka kasa kunne kai ma.

Bari mu fara da misali. Wani mutum a Riruwai ya gama ginin ɗakinsa, saura tagogi, damina kuwa ta yi kusa. Sai wani saurayi ya zo daga Tudun Wada da kayan aiki, ya ce masa, "Baba, ni ina da takardar gwaji ta gwamnati, shagona kuma yana da rajista." Ba shi da ko ɗaya. Mai gida ya gaskata, ya ba shi rabin kuɗi. Sa'anda iskar hadari ta sauko daga duwatsu, ruwa ya bi gefen tagar ya jiƙa bango, gilashi ya faɗo kusa da inda yara su ke kwance. Me wannan saurayi ya yi? Ba mugun aiki kaɗai ya yi ba. Ya karɓi kuɗin mutum da maganar ƙarya.

1. Mene ne takardar shaida?

A zamanin dā, a birnin Kano, kowace babbar sana'a tana da shugabanta, kamar Sarkin Maƙera da Sarkin Magina. Yaro ya kan daɗe a hannun ubangidansa, jama'a kuwa sun san wanda ya koya masa. Yau mutane sun yi yawa, baƙo ya kan yi wa baƙo aiki, domin wannan takarda ta tsaya a maimakon bakin dattawa. Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya ta kan gwada masu sana'ar hannu, ta ba su takardar gwaji hawa uku: mataki na 3, da na 2, da na 1, wanda shi ne mafi girma. Hukumar CAC kuwa ita ce mai rajistar sunan shago da na kamfani. Ka lura, rajistar suna ba ta shaida cewa hannunka ya ƙware; suna kaɗai ta ke shaidawa. Wanda ya nuna ta kamar shaidar gwaninta, shi ma ya ruɗi mai saye.

Takarda fa bakin wani ce da ya tsaya dominka. Idan ka ce kana da ita alhali ba ka da ita, ka sa wa wancan magana a baki wadda bai faɗa ba.

2. Abin da shari'a ta ce

Dokar laifuffuka ta Arewa, wadda a ke kira Final Kod, ta fara aiki a 1960. Sashe na 320 ya bayyana zamba, wato ka ruɗi mutum har ya ba ka dukiyarsa. Sashe na 322 ya sa mata ɗaurin da ya kan kai shekara 3, ko tara, ko duka biyu. Wanda ya ƙaga takardar jabu, sashe na 364 ya sa masa ɗauri har shekara 14. Wanda ya yi aiki da ita da saninsa, sashe na 366 ya daidaita shi da mai ƙagawa. Akwai kuma dokar tarayya ta 2006 bisa karɓar dukiya ta hanyar yaudara. Hukuncinta ɗauri ne daga shekara 7 zuwa 20, ba zaɓin tara, kotu kuma ta kan umurci mai laifi ya mayar da abin da ya ci.

Kada ka zaci ƙasarmu kaɗai ke tsananta wannan. A Ingila, tun 2002, akwai tsarin rajistar masu sauya tagogi mai suna FENSA. Wanda ke cikinsa yana da ikon ba mai gida takardar cewa aikin ya cika ƙa'idar gini, ran da za a sayar da gidan kuwa a kan nemi takardan nan. Mai sana'ar da ya liƙa tambarin a motarsa ba tare da rajista ba ya yi laifi, ana iya cinsa tara ko a ɗaure shi har shekara 2.

3. Abin da ya fi ɗauri zafi

Mai ɗauri ya kan fito, amma suna idan ya zube ba shi kwasuwa. Daga Bebeji zuwa Kiru, daga Doguwa zuwa Riruwai, labari ya kan riga mai shi isa kasuwa. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Ka tuna kuma da maƙwabcinka wanda ya sha wahalar koyo, ya biya kuɗin gwaji, ya ci: abincinsa ka ƙwace. Kai kuma da ka ce ka bar tsohuwar hanya, idanun mutane suna bisanka; da aikin hannunka za su auna maganar bakinka.

4. Me za ka yi?

Ka faɗi abin da ka ke, ba ƙari. Ka ce, "Baba, ba ni da takarda tukuna, amma wurin wane na koya, ga gidajen da na yi wa aiki, je ka duba." Wannan magana ba ta kai kowa kurkuku ba. Ka tara kuɗi kaɗan kaɗan, ka tafi ka yi gwajin. Idan ka riga ka ruɗi wani, ka koma gareshi tun bai kai ƙara ba, ka gyara aikin ko ka mayar da kuɗinsa. Kai kuma mai gida, ka nemi ganin takardar da idonka kafin ka ba da kuɗi. Mai gaskiya ba ya jin haushin tambaya.

Tambayoyi

1. Ina bambancin takardar gwaji da rajistar suna?
2. Su wane ne mai shaidar ƙarya ya ke cuta? Ka lissafta uku.
3. Akwai wanda ya kamata ka koma gareshi a cikin wannan mako?