Kamfani a Wayomin, Gidaje a Ohayo

 Ni ma'aikaciyar jinya ce a birnin Niyok. Na sayi gidaje biyu a Kolombus ta jihar Ohayo, na zuba 'yan haya. Wata abokiyar aikina ta ce in yi rajistar kamfanin LLC a jihar Wayomin, in mayar da gidajen sunansa, ko ɗan haya ya kai ƙara ba za a taɓa dukiyata ba. Na yi hakan. Sai dai banki ya ƙi buɗe wa kamfanin asusu, don haka kuɗin haya asusuna suke shiga. Daga nan nake gyare-gyare, daga nan nake aika wa Inna na cefane. Shin kariyar tana nan?
'Yar'uwarku a Niyok

To, Hajiya. Kariyar ta yi rauni, kuma ta wajen asusun nan ɓarakar take. Idan ɗan haya ya faɗo daga matakala ya karye, a kotun Ohayo za a yi shari'a, tunda can gidan yake. Abu na farko da lauyansa zai nema shi ne takardun banki. Da ya ga kuɗin haya da na cefanen Inna a tukunya ɗaya, zai ce kamfanin suna ne kawai, ke ce mai gida, a bi albashinki da ajiyarki. Alƙalai kan saurari irin wannan hujja.

Wayomin ce ta fara dokar LLC a Amurka a 1977, kuɗin sabunta rajistar kamfani a can daga dala 60 ne a shekara, shi ya sa kowa ke rububinta. Amma kamfanin da ke karɓar haya a Ohayo, ki yi masa rajista a can ma a matsayin baƙon kamfani, dala 99 ne. Ina kyautata zaton rashin wannan takarda, ko lambar haraji ta EIN da hukumar IRS ke bayarwa kyauta, shi ya sa banki ya juya miki baya. Ki haɗa su da yarjejeniyar gudanar da kamfanin ki koma.

Da an buɗe asusun, haya ta shiga can, gyara ya fita daga can. Rabonki ki tura shi asusunki a rubuce, sannan ki aika gida.

Inshorar gidajen fa, sunan wa ke kai? Idan naki ne alhali gidajen na kamfani ne, ana iya ƙin biya. In kuma da bashin banki kika saya, sauya suna na iya ba shi damar neman kuɗinsa gaba ɗaya. Wannan kam ki kai wa lauyan Ohayo takardun ya duba.