Madubin Dashe da Yanar Ido: Abin da Ya Kamata Ka Sani

Akwai mutumin da in ya cire tabarau ba ya gane fuskar wanda ke tsaye a bakin ƙofar ɗakinsa, amma yana iya zura zare a allura. Wannan shi ne rashin ganin nesa. Idan lambar tabarau ta kai 6 ko ta wuce, likitoci sukan ce ya yi tsanani. Wasu masu wannan lalura suna zuwa ƙasashen waje a dasa musu ɗan siririn madubi na roba a cikin ido, su huta da tabarau mai kauri. Wataƙila an yi maka, ko ɗanka na shirin tafiya. To, wannan darasi naka ne.

A bayan baƙin idonka akwai wata ƙwaya garai-garai, girmanta kamar maɓallin riga. Za mu kira ta madubin halitta. Ita ke tattara haske don ka gani. Idan ta dishe, shi ake kira yana. Mutane da yawa suna zaton yana fata ce da ke tsirowa a kan ido daga waje. Ba haka ba ne, madubin da kansa ne ke gurɓacewa daga ciki.

A aikin yana na tsofaffi, likita yakan cire madubin halitta ya sa na roba a gurbinsa. Aikin da muke magana a kai daban ne. Ba a cire komai. Ana barin madubin halitta a wurinsa, a ajiye na roba a gabansa. Irin wanda aka fi dasawa ana kiransa ICL, kuma hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a 2005.

Ga inda matsalar take. Madubin halitta ba shi da jijiyar jini ko ɗaya. Abincinsa daga wani ruwa yake samu, wanda ke kewayawa a cikin ido dare da rana. Saboda haka dole a bar rata tsakaninsa da madubin dashe don ruwan ya wuce, kuma ratar da ake so ba ta fi kusan rabin milimita ba. Amma madubin halitta bai daina ƙara kauri ba tun daga haihuwa har tsufa. Kowace shekara yana ɗan matsowa gaba, ratar tana raguwa. Idan ta matse, ruwa ba ya isa sosai, ko madubai biyun su riƙa gogar juna, sai fuskar madubin halitta ta fara dishewa. Shi ya sa mutum zai iya shekara biyar yana gani tangaram, sannan hazo ya fara shigowa.

Likitocin wani asibitin ido a birnin Lozan na ƙasar Suwizalan sun bi idanu 133 da aka yi wa wannan dashe, suka fitar da sakamako a 2016. Bayan shekara 10, fiye da rabin idanun sun nuna alamar dishewa, ko da kaɗan ce. Amma waɗanda yanar ta kai har aka yi musu aiki kusan 18 ne cikin 100. A shekara ta 5 kuwa kusan 5 ne cikin 100. Ka lura da abu biyu. Dishewar da likita ke hangowa da na'ura ba kullum take hana gani ba. Sannan haɗarin yana ƙaruwa ne da tsawon shekaru.

Waɗancan idanu tsohon samfuri aka dasa musu. Sabon yana da ɗan ƙaramin rami a tsakiya inda ruwa ke bi. An fara amfani da shi a Turai a 2011, Amurka ta amince da shi a 2022, kuma an ga yana ta ragu ƙwarai da shi. Duk da haka, saurayin da aka dasa wa yana ɗan shekara 25 zai iya zama da shi shekara 40 ko fiye. Don haka a ganinmu, duk wanda ya ce maka babu sauran haɗari ya yi gaggawar magana.

Haɗarin ya fi yawa ga wanda aka yi wa aikin bayan ya haura shekara 40, da wanda lambarsa ta yi yawa ƙwarai, da wanda madubin bai dace da girman idonsa ba. Kada kuma a ɗora wa dashe dukan laifi. Mai tsananin rashin ganin nesa yakan yi yana da wuri ko ba a taɓa idonsa ba. Ciwon suga da shan taba suna ƙara hanzarta ta. Haka ma wasu magungunan ɗigawa da ake saya a kasuwa don jan ido ko ƙaiƙayi, idan aka daɗe ana sa su. Kada ka ɗiga abin da likita bai rubuta maka ba.

Yana ba ta zuwa da zafi. Za ka ga duniya kamar ranar da hazo ya sauko, ko fitilar mota ta riƙa kashe maka ido da dare fiye da da. In ka ga haka, ka zo a duba ka. In ma ba ka ga komai ba, ka je wurin likitan ido sau ɗaya a shekara. Zai auna ratar, ya auna matsin ruwan ido, ya leƙa bayan ido.

Wasu alamun kuwa ba sa jiran ranar kasuwa. Idan ido ya yi ja da zafi mai tsanani, ga ciwon kai da amai, ko ka riƙa ganin walƙiya, ko baƙaƙen ɗigo masu yawa farat ɗaya, ko wani duhu kamar labule ya rufo daga gefe, ka kama hanyar asibiti a ranar. Waɗannan ba yana ba ce, kuma jinkiri na iya jawo makanta.

Idan yanar ta tabbata, tana da magani. Likita zai zare madubin dashe, ya cire na halitta da ya dishe, ya sa wani sabo da aka auna daidai da idonka, yawanci a zama ɗaya. Amma kada ka yarda masu yawo ƙauye-ƙauye su sa maka tsinke a ido. Abin da suke yi shi ne tura madubin ya faɗa cikin ido, kuma wannan yakan hallaka ko idon da ba shi da dashe, balle naka mai madubi biyu.

In za ka zo, ka taho da takardun da aka ba ka a inda aka yi aikin, musamman katin da ke nuna samfurin madubin da lambarsa, har da tsohon tabaranka in yana nan. Ko takardun sun ɓata, ka faɗa wa likita tun kafin ya fara dubawa cewa akwai dashe a idonka, da shekarar da aka yi shi.